Tambayoyinku kan Kiwon Kifi: Fitilar UV a Babban Tanki

Wasiƙun wannan watan yawancinsu a kan abu guda suka zo, don haka na haɗa su wuri ɗaya. Na rage tsawon wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan cin abinci a Kaduna, kuma a zauren baƙi akwai tankin kifi na gilashi, tsawonsa santimita 200, faɗi 80, zurfi 75. A ƙarƙashinsa akwai wani ƙaramin tanki inda ruwa ke bi ta cikin soso da duwatsu, sannan inji mai tura lita 6,000 a awa ya mayar da shi sama. Kifayen oska ne manya da 'yan kurungu. Wata biyu ke nan ruwan ya zama kore shar, har baƙi ba sa ganin kifin. Muna zubar da rabin ruwan mu zuba sabo, kwana uku ya koma yadda yake. Yaron da ke kula da tankin ya ce a sayi fitilar UV a ɗaura a kan bututun da ke mayar da ruwa sama. Mai shago ya nuna mini wata mai wat 9, ya ce ta isa, kuma idan na sa ta kifina ba zai ƙara ciwo ba. Gaskiya ne? Wace zan saya, kuma ina zan sa ta?
*Daga wani mai karatu a Kaduna*

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaronka ya yi gaskiya a kan fitilar, amma wurin da ya nuna ba nan ya kamata ta zauna ba. Maganar mai shago kuwa, duka biyun ka ajiye su gefe. Wat 9 ta yi wa tankinka kaɗan, kuma babu fitilar da ke hana kifi ciwo gaba ɗaya.

Koren da kake gani gansakuka ce, amma ba irin wadda ke manne wa gilashi ba. Wannan ƙwayoyi ne masu rai, kowacce tilo, suna yawo a cikin ruwa, kuma ƙanƙantarsu ta sa suna ratsa soso su wuce. Shi ya sa canjin ruwa bai yi maka aiki ba. Ka zubar da rabi, rabin da ya rage ya samu sabon ruwa da haske da kashin kifi, ya hayayyafa ya cike gurbin. A wannan matsala ta koren ruwa, ban san wani abu da ya kai fitilar UV aiki ba. Idan an sa ta daidai, yawanci cikin mako guda ruwan ke washewa.

Ga yadda take aiki, domin idan ka gane wannan, sauran maganar duk za ta zo maka da sauƙi. Gaba da launin shunayya na bakan gizo akwai wani haske da ido ba ya gani, shi ake kira UV. Wani Bajamushe, Johann Ritter, ya gano shi a 1801. A 1877 wasu Turawan Ingila biyu, Downes da Blunt, suka nuna cewa hasken rana na hana ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa, kuma zuwa 1910 har an fara tsarkake ruwan sha da fitilar UV a birnin Marsai na Faransa. Wannan haske kashi uku ne, A da B da C, kuma na C shi ne mai kisa. Ƙwan fitilar da ake sa wa tankin kifi yana da ɗan tururin zaiba a ciki, yana fitar da hasken C mai zangon nanomita 254 (zango shi ne tsawon igiyar haske). DNA, wato sinadarin gado da ke cikin kowace ƙwaya mai rai, na shan haske sosai a daidai wannan zango, sai ya lalace, ƙwayar ta kasa raba kanta biyu. Ƙwayar da ba ta haihuwa kuwa ta gama yawo, ko da ba ta mutu nan take ba.

Ƙwan yana cikin wani kube na gilashin kwaz (wani gilashi na musamman da hasken C ke ratsawa), kuben kuma yana cikin rufaffen bututu, ruwa na bi ta tsakaninsu. Dole sai kwaz, domin gilashin taga na yau da kullum tare hasken C yake yi. Abin da bai shiga wannan bututun ba, fitila ba ta san da shi ba. Gansakukar da ke jikin gilashi da duwatsu tana nan daram, cutar da ke jikin kifi ma haka. Ka riƙe wannan da kyau, don shi ne abin da masu shago ba sa faɗa.

Abu na biyu da ba sa faɗa shi ne saurin ruwa. Kisan da fitila ke yi ya dogara ga ƙarfin hasken da kuma daɗewar ƙwayar a gabansa. Idan aka ninka ɗaya da ɗaya sai a samu adadin hasken da ƙwayar ta sha, ana auna shi da milijul a kowane murabba'in santimita. Tsokar da aka wuce da ita ta kan garwashi da gudu ba ta gasuwa, komai zafin garwashin. Mu ɗauka bututun fitilarka na cin ruwa lita 2. Idan ka ɗaura shi a kan babban bututu mai gudun lita 6,000 a awa, kowace ƙwaya za ta yi daƙiƙa ɗaya da 'yan kai a gaban haske. Idan ka rage gudun zuwa lita 1,500, za ta yi kusan daƙiƙa biyar. Fitila ɗaya, kuɗin wuta ɗaya, amma aikin ya ninka sau huɗu. Na shiga gidaje da otal-otal da dama na tarar da fitila mai tsada tana ci dare da rana a kan babban bututu, ruwa kuma kore, mai gida yana cewa an sayar masa da jabu. Sau da yawa fitilar lafiyarta ƙalau, ruwa ne ke wuce ta da gudu.

Nawa ake bukata? Masu ƙera waɗannan fitilu galibi suna ɗaukar milijul 30 a matsayin abin da ya ishi gansakuka da yawancin bakteriya. A Amurka, ƙa'idar fitilar da za a dogara da ita wajen tsarkake ruwan sha milijul 40 ce. Ƙwayar cutar farin ɗigo (mai feso wa kifi fararen ɗigo a jiki) ta ruwan daɗi kuwa, adadin da aka fi ambata mata ya kai wajen 100, ta ruwan teku ma ta fi haka nesa. Don haka ne kamfanin kirki ke rubuta gudun ruwa iri biyu a jikin kwali ko cikin takardar fitila, babba na share koren ruwa, ƙarami na kashe ƙwayoyin cuta. Idan ka ɗauki kwali ka ga an rubuta girman tanki kaɗai, babu maganar gudun ruwa, ni dai ba na sayen irin wannan.

Yanzu lissafin naka tankin. Ka ninka 200 da 80 da 75, ka raba da 1,000, ka samu lita 1,200. Ka cire gurbin yashi da duwatsu, ka ƙara ruwan tankin ƙasa, mu ce lita 1,300. Abin da nake so shi ne kwatankwacin wannan adadin ya bi ta fitila a kowace awa. Akwai wani abu a nan da mutane ke mamaki idan na faɗa musu. Don lita 1,300 ta wuce ta fitila, ba shi ke nuna duk ruwan tankin ya wuce ba, saboda wanda ya fito yana komawa ya gauraya da sauran, wani ya sake shiga karo na biyu alhali wani bai shiga ko sau ɗaya ba. A lissafi, bayan zagaye ɗaya kashi 63 cikin ɗari ne kawai ya ga haske, bayan zagaye uku kashi 95, sai an kusa zagaye biyar kafin a kai 99. Ke nan idan ka rage gudu fiye da kima don ka kashe manyan ƙwayoyi, ruwan da kake tsarkakewa a yini ya ragu. Idan ka ƙara gudu, hasken da kowace ƙwaya ke sha ya ragu. Hanyar samun duka biyun ita ce babbar fitila, kuma doguwa ta fi gajera ko da wat ɗinsu ɗaya ne a wasu lokutan, don ruwa ya fi daɗewa a jikinta.

A ganina, tanki irin naka wat 40 zuwa 55 ya dace da shi. Wat 25 mai kyau za ta iya share koren, amma ba za ta bar maka rarar komai ba idan ƙwan ya fara tsufa. Ka sani kuma cewa wat ɗin da aka rubuta wutar da ƙwan ke ci ne. Kamar kashi ɗaya cikin uku ne ke zama hasken C, sauran zafi ne. Mai wat 9 ɗin nan, hasken kisan da ke cikinta bai wuce wat 3 ba. Araha ba ta ado. Kuɗin wuta ba abin tsoro ba ne: wat 40 dare da rana bai cika yunit ɗaya a yini ba, wajen yunit 29 a wata.

Wurin sa ta. Ruwa ya fara bi ta soso tukuna, sannan fitila. Duk wani datti da ke yawo a ruwa inuwa ce da ƙwaya za ta ɓuya a bayanta, kuma oska kifi ne mai ɓarnar abinci, yana tauna yana fesarwa ta kunnuwa. Hanya biyu gare ka. Ta farko, mai aikin famfo ya yanka babban bututun da ke hawa sama, ya fitar da reshe, ya sa bawul a bakin reshen, ruwan reshen ya bi ta fitila sannan ya zuba a tanki. Ta biyu, ka sayi ƙaramin inji na daban ka sa a ɗakin ƙarshe na tankin ƙasa, inda ruwa ya riga ya tatu, shi kaɗai ya riƙa ciyar da fitila. Na fi son ta biyu, domin ko ka taɓa babban inji, gudun ruwan fitila ba ya canzawa. Sai dai kada bakin fitar ruwan ya zuba kusa da inda ƙaramin injin ke zuƙa, in ba haka ba ruwa ɗaya za ka yi ta wankewa.

Kada ka yarda da lambar da ke jikin inji. Wannan lambar ta injin da ba ya tura ruwa sama ce, kuma kowace gwiwa ta bututu tana rage masa ƙarfi. Ka auna da kanka. Ka tara bokiti mai lita 10 a bakin bututun da ya fito daga fitila, ka duba agogo. Idan ya cika cikin daƙiƙa 24, gudunka lita 1,500 ne a awa. Idan ya ɗauki minti ɗaya, lita 600. Ka riƙa murɗa bawul har ka samu abin da takardar fitilar ta ce, sannan ka yi wa bawul ɗin alama da fenti don kada wani ya taɓa.

Idan a tsaye za ka kafa ta, ruwa ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama. Idan a kwance, bakunan su kalli sama. Dalili shi ne kada iska ta maƙale a ciki, domin inda babu ruwa ƙwan zafi yake yi ya gasa robar jikin bututun. Ka bar fili a gefen da ake zaro ƙwan, tsawonsa daidai da tsawon fitilar. Wannan ƙaramar magana ce, amma kafintoci kan rufe kabad ɗin ƙasa ruf, ranar canza ƙwai sai an kwance bututu duka. A sa bawul da mahaɗi mai kwancewa a kowane gefe. Bayan an haɗa, a bar ruwa ya yi ta bi yini guda fitila a kashe, a zaro ƙwan a duba ko ruwa ya shiga kube, sannan a kunna.

Ranakun farko ka sa ido. Gansakukar da ta mutu za ta toshe soso, ruɓewarta kuma na cinye iskar da kifi ke shaƙa. Ka wanke soso kullum a cikin ruwan da ka ɗebo daga tankin, ka ƙara injin iska, ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan bayan kwana uku ko huɗu.

Sai kuma abin da ya kawo koren tun farko, wanda fitila ba za ta taɓa ba. Ba ta cire amoniya, wato gubar da kifi da kashinsa ke saki a ruwa, ba ta cire naitiret da amoniyar ke komawa, ba ta maye gurbin soso da duwatsu. Tankin gidan abinci yawanci yana kusa da ƙofa ko taga, fitilar samansa tana ci tun safe har a tashi aiki, kuma kowane yaro da ya zo da iyayensa yana so ya jefa wa kifi wani abu. Idan rana na dukan gilashin, a sa labule. Fitilar sama kada ta wuce awa takwas. Mutum ɗaya ya riƙa ba da abinci, abin da za su cinye cikin minti biyu ko uku. In ba a gyara waɗannan ba, abincin da gansakukar ruwa ke ci zai koma ga ta jikin gilashi, yaronka ya koma kankara kullum.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da fitilar UV tun bara kuma ruwana garau yake. Amma da sanyin nan ya shigo, bayan na kawo sababbin kifayen zinariya guda uku, sai fararen ɗigo kamar gishiri suka feso wa duk kifayen, suna goga jikinsu da duwatsu. Ashe fitilar ba ta aiki ne?
*Daga wata mai karatu a Maraɗi*

Amsa: Barka kadai Hajiya. Mai yiwuwa fitilarki na aiki, cutar ce ba ta bi ta inda fitilar take ba.

Wannan ita ce cutar farin ɗigo, sunanta na kimiyya Ichthyophthirius multifiliis, kuma rayuwarta hawa uku ce. Ɗigon da kike gani ƙwayar ce ta shige ƙarƙashin fatar kifi tana ci, inda haske da magani duk ba sa kai mata. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo, ta manne a yashi ko dutse, ta rufe kanta da kube, ta rarrabu a ciki zuwa ɗaruruwa. Sannan kuben ya fashe, 'ya'yan su fito suna iyo suna neman kifi, kuma idan ba su samu ba cikin kamar kwana biyu sai su mutu. A wannan hawa na uku kaɗai fitila ke da dama a kansu, shi ma sai wanda inji ya zuƙa. Ki duba inda suke ƙyanƙyashewa: ƙasan tanki, inda kifi ke kwana. Yawancinsu sun samu kifi tun kafin su kusanci bututu. Fitila mai ƙarfi da ruwa a hankali tana rage yawansu, kuma tana da amfani sosai inda tankuna da yawa ke shan ruwa ɗaya, don tana tare cuta daga wannan tanki zuwa wancan. A cikin tanki guda kuwa, ba ta warkar da kifin da ya kamu.

Sababbin kifayen ne suka kawo ta, sanyin hunturu kuma ya raunana na gida. Yanzu magani za ki sa, kuma ki kashe fitilar har ki gama. Hasken na wargaza magunguna da yawa, masu launin shuɗi da kore da kuma wasu magungunan bakteriya. Wasu magungunan da ke da sinadarin tagulla ma ya fi haɗari, don hasken na iya kwance tagullar daga abin da ya riƙe ta, ta zama guba ga kifi. Idan akwai gawayin tace ruwa a matatarki, shi ma ki cire. Ki bi umarnin da ke jikin kwalbar, ki ci gaba da sawa kwanaki bayan ɗigon ƙarshe ya ɓace, saboda waɗanda ke cikin kube ba su fito ba tukuna. Ɗumama ruwan kaɗan-kaɗan yana gaggauta zagayen rayuwar ƙwayar, maganin ya same ta da wuri, amma kifin zinariya ba ya son zafi sosai, kuma ruwan ɗumi iskarsa kaɗan ce, sai ki ƙara injin iska. Idan kina da kifi marar ɓawo irin kurungu ko tarwaɗa a ciki, ki fara da rabin awo, fatarsu ba ta jure waɗannan magunguna. Koren maganin farin ɗigo da ake kira malakait kuma na kifin ado ne kawai, ba a sa wa kifin da mutum zai ci.

Nan gaba duk kifin da kika sayo, ki ajiye shi a wani ƙaramin tanki ko babbar roba mai injin iska, mako uku zuwa huɗu, da ragarsa daban, kafin ya shiga cikin sauran. Wannan robar ta fi kowace fitila kare miki kifi, kuma ina roƙon ki da ki yi haƙurin waɗannan makonnin.

Tambaya: Ƙanena ya aiko mini da fitilar UV daga Amurka. A unguwarmu ana ɗauke wuta sau da yawa a yini, ina da inbata ƙarama. Zan iya haɗa ta? Kuma an ce tana kashe bakteriya masu amfani da ke cikin matata.
*Daga wani mai karatu a Kano*

Amsa: Ɗan'uwa, kafin komai ka juya cok ɗin fitilar ka karanta abin da aka rubuta. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu a Najeriya 230. Idan an rubuta 110 ko 120 kaɗai, kana sokawa a bango za ta ƙone, sai ka nemi taransifoma mai sauke wuta. Idan an rubuta 100 zuwa 240, babu damuwa. Ka kuma tambaya tun yanzu ko ana samun irin ƙwanta a Kano ko Legas, in ba a samu ƙanenka ya haɗo maka da na canji.

Yawan kunnawa da kashewa yana rage wa irin wannan ƙwai kwana, don haka inbata na taimaka mata. Amma idan batirinka ba zai ɗauki komai da komai ba, fitila ce ta ƙarshe a layi. Injin iska da injin tura ruwa su ne rai. Idan ruwa ya tsaya awanni a cikin matata, bakteriyar da ke ciki na rasa iska su fara mutuwa, wannan ne ke kashe kifi, ba rashin UV na rabin yini ba. Abin da zan ja maka kunne a kai: kada fitila ta kasance a kan inbata alhali injin da ke ba ta ruwa yana kan wutar gari. Wuta na tafiya ruwa zai tsaya, ƙwan ya ci gaba da ci, ruwan da ke cikin bututun ya yi zafi, roba ta lalace ko kube ya tsage. Su biyun su sha daga soket ɗaya, su tashi tare su kwanta tare. Ka sa abin katse wuta mai gane yoyon lantarki, na miliamfiya 30, kuma kowace waya ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket, don ɗigon ruwa ya sauka ƙasa maimakon ya bi ta ya shiga.

Game da zafin bazara, idan ruwa na gudana, wat 40 a tanki mai fiye da lita dubu ba ya ƙara ko digiri ɗaya a yini. A ƙaramin tanki ne ake jin sa.

Bakteriya masu amfani, irin su Nitrosomonas da Nitrospira da ke sarrafa amoniya, a manne suke a jikin soso da duwatsu da yashi, ba sa yawo a ruwa, don haka fitilar da ke cikin rufaffen bututu ba ta kai musu. Lokaci biyu ne za ka kashe ta saboda su: makonnin farko na sabon tanki kafin su kafu, da kwana biyu ko uku bayan ka zuba irin na kwalba. Wadda ke yi musu ɓarna ita ce tsirarar fitilar nan da ake sayarwa a jefa cikin tankin ƙasa babu murfi. Tana haske soso da duwatsu kai tsaye, tana cin roba, kuma duk wanda ya buɗe kabad ya leƙa ta samu idonsa. Hasken C na ƙona saman ƙwayar ido, ciwon ba ya tashi sai bayan awanni, mutum ya farka cikin dare kamar an zuba masa yashi. Kada ka kalli ƙwan a kunne a waje da bututunsa, ko na daƙiƙa kaɗan, kuma ka gaya wa yaran gida.

Tambaya: Malam, tawa fitilar ta share mini ruwa bara, yanzu wata goma sha huɗu, kore ya fara dawowa. Na leƙa ta ɗan tagar da ke jikinta, shuɗin haske na nan. Ruwan burtsatse muke amfani da shi.
*Daga wani mai karatu a Gusau*

Amsa: Malam, shuɗin da kake gani ba shi ke kisa ba, mai kisan ido ba ya ganinsa. Ƙwan na iya shekara biyu yana ba da shuɗi alhali hasken C ya ragu ƙwarai. Yawancin waɗannan ƙwayaye an yi su ne su yi awa 8,000 zuwa 9,000, shekara kuwa awa 8,760 ce. Naka ya wuce wa'adinsa, ga kuma ɗauke wuta da ta ƙara tsufar da shi. Ka canza, ka rubuta ranar a jikin bututun. Mai neman kashe ƙwayoyin cuta ma bai kamata ya jira shekara ba, wata shida zuwa tara ya isa. Wajen saye ka kula da ƙananan fitilun LED masu launin shunayya da ake tallatawa da sunan UV. Da yawansu hasken A suke bayarwa, wanda ba ya wannan aikin.

Ina kuma zargin kuben. Ruwan burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da farar ƙasa ko ƙarfe, kuma ɗumin ƙwan na sa su kwanta a jikin kwaz, fari ko ja-ja. Ɗan siririn ɓawo ya isa ya tare haske mai yawa. Ka cire wuta, ka rufe bawul, ka bar ƙwan ya huce, ka zaro kuben a hankali don ba ya da ƙwari. Ka jiƙa shi a binega ko ruwan lemun tsami, ka goge da tsumma mai laushi, ban da soson ƙarfe. Duk wata uku ka duba shi. Zoben robar da ke hana yoyo, ka canza shi tare da ƙwan. Sabon ƙwai kuma a riƙe shi da tsumma ko ta bakinsa, maiƙon yatsa na barin tabo a gilashin. Idan kana da itace a cikin tankin da ke rina ruwa launin shayi, wannan launin ma shan hasken yake, gawayin tace ruwa zai cire shi.

Tsohon ƙwan akwai zaiba a cikinsa. Kada a jefa shi bola inda yara ke tsince-tsince, kada kuma a fasa. Ka mayar da shi cikin kwalin sabon, ka naɗe da tef, ka ajiye inda hannu ba ya kai har ka samu masu karɓar lalatattun kayan lantarki. Idan ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe tagogi na ɗan lokaci, a kwashe gutsattsarin da kwali da jiƙaƙƙen tsumma a zuba a kwalba mai murfi, kada a yi shara da tsintsiya.